Famfo Ɗaya da Ya Rage Yana Ɗiga

Zuwa ga Goggo,

Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa, da fatan sanyin can bai sake kama miki gwiwa ba. Mu nan lafiya lau. Baba yana cin abinci, yana barci, tarin nan ma ya tafi. Jiya ya kira ni da sunan mijinki marigayi, shekaranjiya da sunan wani yaron aikinsa da ya rasu tun ban zo duniya ba. Duk sunan da ya kira ina amsawa. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda karatuna ya tsaya.

Kin san halin mahaifinki tun da mantuwa ta kama shi. Komai ya zube masa ban da sana'arsa. Da ya sha shayin safe sai ya sa sifana, ƙarfensa na kwance famfo, a aljihu ya fita, yana tafiya a hankali, kansa a karkace, yana saurare. Duk inda ya ji ruwa yana ɗiga, gida ne ko shago, sai ya yi sallama ya shiga, ya kashe ruwan, ya kwance kan famfon ya taho da shi. A gida zai sake masa roba ya goge shi fes, sannan ya manta na waye. Da yamma ni nake zagayawa in mayar. Gidan da ba su da ruwa sun san su jira ni. Mai Aski kan ce, "Yau Baba Famfo ya kawo mana ziyara, aski babu wankin kai." Ba wanda ya taɓa kiran abin nan sata.

To Goggo, unguwa ta canja. Bayan da aka soki mai kantin magani da wuƙa (ya tashi, amma hannunsa na dama bai dawo ba), an kawo mana sabon babban ɗan sanda. Yallaɓai kawai muke ce masa. Ya tara mu a filin makaranta, ya ce wanda ya soki mutum ba da wuƙa ya fara ba, da ƙaramin abu ya fara aka kawar masa da kai. Ya ce daga yau babu ƙaramin laifi, ba sani ba sabo. Muka tafa, har da ni. Sai ya ƙara da cewa wanda ya ga laifi ya yi shiru, shi ma mai laifi ne. A nan tafin ya ragu.

An ɗebi samarin unguwa an ba su riga mai ruwan ɗorawa da usur, su ne 'yan sintiri. An ja layin fenti a gaban shaguna. Mai shayi, ƙafar bencinsa ɗaya ta tsallake layin, ya kwana a caji ofis. Wata mai jego ta zubar da ruwan wanke-wanke a titi, sai da aka kai mata jaririnta can ta ba shi nono. Ba zan ɓoye miki ba, titi ya yi tsaf, mashayan bakin kwata sun ɓace, mata suna fita sayen magani hankali kwance. Amma yanzu in mutum zai yi atishawa sai ya waiga.

Akwatin gyaran takalmina ma yana wajen layi, don haka na koma lungun bayan shagon Mai Aski. Daga can ƙafafun masu wucewa kawai nake gani. Ƙofar gidanmu ba na ganinta, ballantana in san inda Baba ya nufa. Kuma in ya kwance kan famfon wani yau, mai famfon dole ya kai ƙara ko a kai shi.

Saboda haka na sayo kwaɗo, ina kulle shi idan zan fita. Ranar farko ya yi ta bugun ƙofa har maƙwabta suka leƙo. Yanzu ya daina. Ina dawowa da rana sai in same shi a bakin gado, sifana a cinya, ba ya cewa komai. Don haka hankalinki ya kwanta.

Ɗanki,
Ƙusa

*

Ƙusa,

Na ga takardarka, ina amsa gaisuwa. Gwiwa da sauƙi. Ka gaishe min da Mai Aski, ka ce har yanzu ina riƙe da shi a kan askin da ya yi wa Baba kamar an yi da cokali.

Yanzu ka saurare ni. Ka ce hankalina ya kwanta? Kai ka manta aikin da ya kawo ni garin nan? Tsofaffin mutane nake yi wa wanka, ina ba su abinci a baki, a gidan da kowace ƙofa take da makulli. Ni nake murɗa makullan da hannuna. Na san bugun ƙofar nan, na kuma san ranar da ake dainawa. Wanda ya daina ba haƙura ya yi ba. Daga nan sai ya daina neman abinci, sai ya daina tashi, sai mu naɗe katifarsa a kawo wani. Layin nan naka na ƙarshe sau nawa na karanta shi a ɗakin wanki, ina tsaye, har shugabarmu ta tambaye ni ko rasuwa aka yi min.

Ka cire kwaɗon nan ranar da takardar nan ta same ka. Ubana ba akuya ba ne.

In kuwa ka gaji da shi ne, ka faɗa min kai tsaye, kada ka ɓuya a bayan 'yan sanda. Na san kai saurayi ne. Na san kuma dangantakarmu ba ta kusa ba ce, kakarka da Baba 'ya'yan wa da ƙane ne, ba wanda zai ce dole ne a kanka. Ko wata ce ta fara kawo takalminta gyara alhali lafiyarsa ƙalau? In haka ne ka faɗa, zan yi murna, sai mu san yadda za a yi.

Wane irin tsoro ne wannan? Rabin bututun unguwar nan Baba ya shimfiɗa su. Waye bai san shi ba? Ka sa rigarka mai kyau, ka tofar da ƙusoshin nan da ke bakinka, ka je wajen Yallaɓan naku ka yi masa bayani. Mutum ne, yana da uba. Ba za a kama tsoho mai lalura a kan kan famfo ba, duniya ba ta lalace haka ba.

Ka riƙa sa masa rigar sanyi da safe ko ya ƙi.

Goggonka

*

Zuwa ga Goggo,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya. Baba yana sa rigar sanyin, amma a bai-bai, na bar shi haka.

Ban gaji ba, Goggo. Lokacin da innata ta rasu ba wanda ya buɗe min ƙofa sai gidan nan. Kuma babu wata mai kawo takalmi. Na cire kwaɗon a ranar. Gaskiyarki ne, da ya ga ƙofa a buɗe sai da ya ci abinci kwano biyu.

Na je wajen Yallaɓai kamar yadda kika ce. Na daɗe a benci a bakin ƙofar caji ofis, ba abin da nake ji sai wani famfo da ke jikin katangarsu yana ɗiga cikin gwangwani. Da aka shigar da ni na duba ƙafarsa, kin san ni. Takalminsa ya sha shafe amma dundunen ya cinye, kuma akwai matashin kai a bayan kujerarsa. A ofis yake kwana. Ba mugu ba ne, shi ya fi ba ni tsoro.

Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Mahaifiyata ma haka ta yi kafin ta rasu, cokulan mutane take kwasowa." Na ji sanyi a raina. Sai ya ce, "Amma ranar da na ce ban da wane, an gama. Gobe mai gata zai zo da nasa uzurin, jibi mai kuɗi, sai ɗakin tsare mutanen nan ya cika da marasa kowa kaɗai. Na ga haka a wuraren da na yi aiki. Ka kawo takardar likitan ƙwaƙwalwa, ko ka tsare shi a gida." Likitan kuwa na je asibiti an ce sai an jira zuwansa, ba su san yaushe ba. Zan fita Yallaɓai ya ce, "Wane gida ka ce ma?" Na faɗa masa. Sai da na kai titi na gane da hannuna na nuna musu ƙofarmu.

Tun ranar, ɗan Mai Wanki yake bin layinmu. Kin san shi, wanda Baba ya taɓa cirowa daga cikin tankin ruwa yana ƙarami. Yanzu magidanci ne, matarsa tana da ciki, rigar sintirin nan ita ce abincinsu. An ce wanda mako ya ƙare bai kawo kowa ba sai ya ajiye riga. Ya kawo min takalminsa ɗinki, har na gama bai dubi idona ba.

Mai Aski ne ya kawo dabara. Ya ce, "Kai Ƙusa, kan naka na ado ne? Tsohon nan ɗiga yake bi. In babu ɗiga me zai kwance?" Ranar hutu na ɗauki jakar robobin Baba, ni da shi da mai shayi muka bi gida-gida, shago-shago. Na iya aikin, ido ya koya min. Duk famfon da ke zubar da ko hawaye ne mun ɗaure shi. Mutane suka riƙa kiran mu da kansu, a hankali, ta taga. Wata tsohuwa ta ce, "Ku duba na bayan gida ma, kada a kama mana Baba a sanadina."

Na gwada kawo wa Baba tsofaffin kawunan famfo ya gyara a gida. Ya juya ɗaya ya ce, "Wa ya ce maka ya lalace? Ni ban ji shi ba." Na gwada sassauta namu na tsakar gida kafin ya tashi. Ya ɗaure shi kafin shayi ya huce, ya dube ni ya ce, "Akwai mai hannun banza a gidan nan."

Amma dai dabarar tana ci. Yana fita ya dawo aljihu wayam. Sai dai ya ce garin nan ya kurumce, kuma na lura ƙurar takalminsa kullum tana ƙaruwa. Jiya har da jar ƙasa, irin wadda babu ita a layinmu.

Ɗanki,
Ƙusa

*

Ƙusa ɗana,

Ina fata kuna lafiya. Ka yafe min maganar da na yi maka, zafin zuciya ne. Da kai da ɗan da zan haifa babu bambanci.

Rubutun nan a gurguje nake yin sa, a kan gwiwata, kafin a kira ni. Takardarka ta daɗe a hanya. Ku ba ku san shi yana da ƙarfi ba, ni na riƙe masa jaka ina yarinya. Baba ba ya komawa gida hannu wofi. In bai ji aiki a layinsa ba zai shiga na gaba, in bai ji ba ya ƙara gaba, har sai ya ji. Da ɗigar tana ko'ina, yana tsayawa a gidan farko, wajen mutanen da suka san shi. Yanzu kun rufe masa duka.

Ka ce akwai famfo a katangar caji ofis yana ɗiga cikin gwangwani. Shi ma kun ɗaure shi?

Ƙusa, ka mayar da kwaɗon. Ni na ce ka cire, ni nake cewa ka mayar. Ko ka kwance na gidan Mai Aski ka bar shi yana zuba, ku bar masa guda biyu ko uku a kusa. Ka rubuto min da ka karanta, ko layi ɗaya ne.

Goggonka

*

Goggo,

Ina gaishe ki. Ni lafiyata ƙalau. Baba yana da rai, wannan na fara faɗa miki kafin komai.

Takardarki ta zo bayan an gama. Yana caji ofis.

Na san da famfon nan. Amma na hukuma ne, taɓa shi laifi ne. Na roƙi mai gadin ƙofa su ɗaure shi, ya ce an rubuta wa masu ruwa. Na ce a raina wurin da nisa, ƙafar Baba ba za ta kai ba. Ashe shi kaɗai muka bar masa a unguwar duka.

Da hantsi ne Mai Aski ya faɗo lunguna da kumfa a hannu, ya ce, "Tashi, tashi!" Mai shayi ya ga komai, shi ya ba ni labari. Baba ya isa ya yi wa 'yan sanda sallama, suka amsa. Ya durƙusa ya kashe ruwan daga tushe, ya kwance kan ya sa a aljihu, ya juya zai taho. Ɗan Mai Wanki ne a bakin ƙofa, da wasu 'yan sintiri biyu a bayansa suna kallon sa. Ya tare shi ya ce, "Baba, mayar. Don Allah mayar, yanzu-yanzu." Baba ya ce, "Kai ba ɗan Mai Wanki ba ne? Ka gaishe da uwarka, ka ce ta daina murɗa famfo kamar tana matse zane." Ya raɓa shi zai wuce. Sai ɗan Mai Wanki ya busa usur. Mai shayi ya ce da ƙyar ƙarar ta fito.

Sun rubuta satar kayan hukuma. An ce irin wannan babu beli sai kotu ta zauna, kotun kuma ta cika maƙil da mutanen layin fenti, ba a san ranar da za a kai kansa ba. Sun karɓe sifanar da hularsa da ɗamarar wandonsa. Da hannu ɗaya yake riƙe da wando.

Ina kai masa abinci safe da yamma, ta tsakanin ƙarafa. Da farko bai gane ba. Ya ce min, "Masu gidan nan ba su da kirki, sun kira ni aiki sun bar ni a zaure." Har na yi dariya. Yanzu ya daina faɗin haka. Ɗakin ya cika, wasu a tsaye suke barci. Ba ya iya riƙe fitsari, mutane suna tsaki suna matsawa. Shekaranjiya na ga kumburi a goshinsa. Wani ya ce faɗuwa ya yi, wani ya kawar da kai. Jiya na kira shi bai juyo ba sai da na buga ƙarfen da cokali. Abin da na kai masa da safe, da yamma na same shi a hannun wani.

Na bi gidajen da muke mayar wa kawuna, na roƙe su su zo su shaida cewa gyara yake yi, ba sata ba. Goggo, duk wanda ya faɗi haka ya amsa da bakinsa cewa ya sha gani ya yi shiru. Wasu ba su buɗe min ƙofa ba. Mai Aski ya zaunar da ni a kujerar aski ya ce, "Ƙusa, 'ya'yana biyar." Yana kuka yana goge madubi. Ban ji haushinsa ba.

Na koma asibiti, likitan bai zo ba. Na koma wajen Yallaɓai, ya ce takardar da aka rubuta ba ta yaguwa. Ya sa an ba Baba bargo. Ina jin tsoro, Goggo. Ƙafafunsa sun fara kumbura, takalminsa ba ya shiga. Ba na jin zai kai ranar kotun nan.

Ƙusa

*

Ƙusa,

Na karanta. Na je wajen shugabarmu na durƙusa, ta ce babu hutu sai an samu wadda za ta maye gurbina, in kuwa na tafi haka kada in dawo. Ina nema.

Laifina ne. Ni na sa ka cire kwaɗo, ni na tura ka wajen mutumin nan. Ƙafar da ta fara kumbura a irin shekarunsa na san ma'anarta.

Ka yi duk abin da za ka yi ka fito min da shi. Kome ne. Kada ya mutu a wurin nan, Ƙusa. Ba ni da kowa a can sai kai.

Goggonka

*

Zuwa ga Goggo,

Ina gaishe ki da kyau. Baba yana gida. Yana kan gadonsa yanzu haka, na yi masa wanka da ruwan ɗumi, na shafa masa mai a ƙafa, ya sha shayi rabin kofi.

Kin ce in yi duk abin da zan yi. Na yi.

Zaman bencin nan ya koya min yadda suke aiki. Na ga an kawo wani mai taɓin hankali da wayar lantarki a hannu. Da aka gano mai sayen tsohon ƙarfe ne yake aiken sa, sai aka sake shi aka mayar da takardar kan mai aiken. Ba a yaga ta, amma ana sake mata suna. Dole dai wani ya amsa.

Yau da safe na shiga na ce wa Yallaɓai ni nake aiken Baba. Na ce ina sayar da kawunan ga masu tsohon ƙarfe, na zaɓe shi ne don ba wanda zai zarge shi. Ya ajiye alƙalami. Ya ce, "Kai ne ka zo nan da ƙafarka kana roƙa masa." Na ce wayo ne. Ya ce, "Ka san ƙarya kake yi, ni ma na sani." Na ce, "Yallaɓai, na faɗa a gaban mutanenka, sun ji. In ka yi shiru kai ma ka yi laifi." Ban san inda na samo bakin ba. Ya rufe ido, ya buɗe, ya rubuta. Ya ce wanda ya yi amfani da marar lafiya hukuncinsa ya fi na ɓarawo, in shirya wa watanni, wataƙila fiye.

Da aka fito da Baba bai iya tsayuwa ba. Yallaɓai ya sallami sauran, ya rage murya ya ce, "Ka kai shi gida, ka kimtsa shi, ka dawo kafin rana ta faɗi. Wannan ban gani ba." Ɗan Mai Wanki ne ya goya shi har gida. Zan koma, Goggo. In ban koma ba nan za su zo, a gaban Baba.

Kada ki damu da ni, ina da ƙarfi, kuma ko a can akwai takalman da suka yage. Maganar Baba ce. Na nemi wanda zai ɗauke shi ban samu ba, don duk wanda yake hannunsa shi zai amsa in ya sake. Mai Wanki ta ce za ta kawo abinci ta yi masa wanki. Mai Aski zai riƙa leƙowa tsakanin kai da kai. Amma kwana da shi, da tsare shi, babu. Na ba Mai Wanki kwaɗon, ta ce, "Ɗana ya busa masa usur, ni kuma in kulle shi? Hannuna ba zai iya ba." Maganinsa yana cikin kwano a saman kabad, fari da safe, ja da yamma. Ba ya haɗiya sai an ce masa na ciwon baya ne.

Ga abin da ya fi damuna. Ɗazu ina shafa masa mai ya buɗe ido, ya kira ni Ƙusa, sunana na gaskiya na unguwa, wanda rabon da ya kira tun bara. Ya ce, "Ina sifanata?" Na ce tana wajen gyara. Ya ce, "Ka nemo min wata. Na kwance kai a gidan masu kaki ban mayar ba, na bar bayin Allah babu ruwa. Ban taɓa barin aiki rabi ba. Da ƙafar nan ta saɓe zan koma."

Komai yana mantawa, Goggo, wannan bai manta ba. Kuma ƙafar za ta saɓe.

Ban taɓa roƙon ki komai ba. Ki zo.

Mai Aski zai kai wannan gidan waya. Rana ta yi ƙasa.

Ɗanki,
Ƙusa

*

Ga duk wanda ya buɗe wannan takarda, Mai Aski ne, ko Mai Wanki, ko ɗanta,

Ina gaishe ku, Allah ya saka muku. Ni ce 'yar Baba Famfo. Na ajiye aikin yau. Hanyar doguwa ce, takardar nan za ta riga ni, shi ya sa na turo ta.

Wanda zai kai wa Ƙusa abinci ya ce masa ba haka nake nufi ba. Nufina ya yi roƙo, ya sayar da gado da katifa, ya kwanta a ƙofar likita. A'a, kada ku ce masa haka, zai ji ciwo. Ku ce masa uwarsa tana hanya, kuma daga tasha wajen alƙali zan fara, in faɗi abin da na sani da bakina. Ni ba ni da shago a unguwar da za a rufe.

Baba kuwa, in ya miƙe zai fita, kada ku ce masa kar ya je, ba zai ji ba. Kada ku ce an gyara, zai ce sai ya gani. Ku tsaya a gabansa ku ce, "Masu gidan sun yi tafiya, sun ce a dawo gobe." Tun yana saurayi ba ya shiga gidan da masu shi ba sa nan, ko ruwa zai cinye shi. Zai yi tsaki ya zauna.

Gobe zai manta an faɗa masa. Ku sake faɗa. Don girman Allah wani ya kasance a ƙofar nan kullum kafin ya gama shayi, har in iso.